Sankarar mama: kafin a fara magani, a fara sanin wace iri ce



Duk shekara in watan Oktoba ya kama, za ku ga an fito da riguna masu ruwan hoda, an yi jerin gwano a Yamai da manyan garuruwa, an ce mata su riƙa laluba nononsu, in sun ji ƙullutu su garzaya likita. Madalla, wannan kira yana kan hanya. To amma idan matar ta ji kiran, ta bar Tasawa ko Mirriya ko Madawa ta zo, me ke biyo baya? A nan ne muke son mu tsaya yau, kuma aikin wata malama ne ya sa mu wannan magana.

Sunanta Farfesa Olufunmilayo Olopade, ƴar Najeriya ce, ta yi karatun likita a Jami'ar Ibadan, yau kuma tana koyarwa da bincike a Jami'ar Shikago ta Amurka. Shekara da shekaru tana bin tambaya guda: me ya sa sankarar mama ke kama baƙar mace tun da sauran ƙuruciyarta, kuma ta fi yi mata mugun kamu? A 2009 ita da abokan aikinta suka fitar da sakamakon gwajin mata 507 na Najeriya da Senegal. Matsakaicin shekarunsu bai wuce 45 ba, alhali a Amurka yawanci sai mace ta haura 60 ake gano mata cutar. Ku duba da kyau, shekara 45 uwa ce mai ƴaƴa a gabanta, wata ma da goyo.

Abu na biyu da suka gano shi ya fi tayar da ƙura. Sankarar mama ba iri ɗaya ba ce, ko da a ido duk ƙullutu ne. Akwai wadda ke rayuwa da sinadarin jikin mace da ake kira estrojen, kamar yadda shuka ke rayuwa da ruwa. Irin wannan ana toshe mata hanya da ƙwayar tamoksifen, ƙwaya ɗaya kullum har shekara biyar, kuma an tabbatar tana rage mutuwa da kusan kashi ɗaya cikin uku. Akwai wadda ke ɗauke da alamar HER2, mai saurin yaɗuwa, wadda maganinta shi ne Herceptin da aka amince da shi a Amurka tun 1998, mai tsada ƙwarai. Sai ta uku wadda ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan alamomi, ita sai tiyata da ƙarin ruwan shimiyo da gashi. A Turai da Amurka mafi yawan mata irin ta farko gare su. A cikin matan da Olopade ta gwada kuwa, kusan ɗaya cikin huɗu ne kawai.

Ma'anar wannan a aikace mai sauƙi ce. Idan aka ba mace tamoksifen alhali sankararta ba ta jin estrojen, an yi aikin banza: tana shan ƙwaya, dangi na sayar da tumaki da hatsi, cuta kuma na ci gaba da cinta. Idan kuma tata mai ji ce aka hana ta, an raba ta da magani mafi araha da zai iya ƙara mata shekaru. Ba a gane bambancin da ido, ba a gane shi da ekografi. Sai an gutsuri ɗan nama daga ƙullutun, abin da likitoci ke kira biyopsi, an kai labo an yi masa gwaji na musamman.

Ba mu kawo wannan bincike kamar saukakken abu ba. Bayansa wasu masana sun tattara gwaje-gwaje da yawa na ƙasashen Afirka a 2014, suka ce mai jin estrojen ta fi yadda aka zata yawa, kuma wani ɓangare na ƙarancin da ake gani daga lalacewar naman yake tasowa. Wallahi wannan gardama ta malamai ta fi shafarmu fiye da kowa. Ƙa'ida ita ce naman da aka ciro ya shiga ruwan formol cikin awa ɗaya, ya zauna a ciki tsakanin awa 6 zuwa 72. In an yi jinkiri, ko formol ɗin ba shi da kyau, alamar estrojen tana gogewa, sai takarda ta fito ta ce babu, alhali akwai. To ku auna ƴar kwalba da ta taso daga Damagaram cikin zafin watan Afrilu, a hannun wani ɗan uwa, cikin motar haya, tafiyar kilomita wajen 900 zuwa Yamai. Daga Maraɗi fiye da 600 ne, daga Tawa fiye da 500. Sannan a jira sakamako makonni. Wace takarda za ta dawo?

Shi ya sa muke ganin abin da ya kamata magabata su sa gaba bai kai sayen manyan injuna ƙayatarwa ba, amma ya fi su taɓa talaka. Kowane babban asibitin jiha ya samu formol mai kyau, da ma'aikacin da aka koya wa yadda ake adana nama, da mota ko wata hanya tsayayya mai kai kwalabe labo a ranar da aka sani, ba a ɗora wa majinyaci ba. Gaba kuma a horar da likitocin duba nama a zaunar da su Damagaram da Maraɗi, tunda jami'o'in garuruwan biyu suna koyar da aikin likita.

Ba mu ce ba a yi komai ba. Tun 2007 akwai doka da ta ce kula da sankarar mata kyauta ne a asibitocin gwamnati. A 2021 aka buɗe sashen gashi a Cibiyar Yaƙi da Sankara ta ƙasa a Yamai, da taimakon hukumar makamashin nukiliya ta duniya. Kafin nan, ƙasar da ke haƙo yuraniyom a Arlit tun shekarun 1970 sai ta tura ƴaƴanta waje neman gashi, mai hali ya tafi, marar hali ya koma gida ya jira. An samu ci gaba. Sai dai kyautar da ba ta haɗa da gwaji da kuɗin mota da wurin kwana a Yamai ba, matar ƙauye ba ta san da ita ba.

Akwai wani bincike na Olopade da ya shafi gidajenmu kai tsaye. A 2018, tare da Farfesa Mary-Claire King wadda ta fara gano inda ƙwayar gado ta BRCA1 take, sun gwada mata 1,136 masu wannan cuta a Ibadan. Suka samu kusan ɗaya cikin takwas gadon cutar ta yi. Kuma gadon yana biyowa ta wajen uba kamar yadda yake biyowa ta wajen uwa. Saboda haka in inna ko gwaggo ko yaya ta yi wannan ciwo, musamman da ƙuruciya, a faɗa wa ƴan matan gidan, su kuma su faɗa wa ungozoma ko likita. Mun san abin da ke sa a yi shiru, tsoron kar a ce gidan wane akwai daji a ƙi auren ƴaƴansu. Amma bakwai cikin takwas ba gado ba ne, kuma wadda ta gada ma ba dole ta kamu ba. Abin da ake so shi ne a riƙa duba ta da wuri.

Matan Ibadan dai ba matan Gobir ko Adar ba ne. Nijar na da rajistar masu sankara tun 1992, kuma sankarar mama ce kan gaba a cikin mata. Lokaci ya yi da ɗalibanmu na likita za su yi irin aikin Olopade a kan namu matan, mu san wace iri ta fi yawa a nan, don a san wane magani za a fi saye da ɗan kuɗin da ke akwai.

Sauran magana taku ce, maza. Sau da yawa kai ne mai ba da izini, kai ne mai kuɗin mota. Ƙullutun da ba ya ciwo shi ne abin tsoro, kar ka ce a bari sai ya yi ciwo. Kuma kar a bari wanzami ya tsaga. Zancen da ake yi cewa in ƙarfe ya taɓa daji sai ya bazu, shi ke sa mata gudun biyopsi, alhali allurar likita ba ta baza shi, watannin da aka ɓata ana shafe-shafe da turare su ke ba shi dama. Addu'a da rubutu ba su hana zuwa likita ba, a haɗa duka. Wani bincike da aka fitar a 2020 ya bi mata a ƙasashe biyar na Afirka, ya samu rabinsu kawai ke raye bayan shekara uku, a Najeriya ma 36 cikin ɗari, kuma zuwa a makare na cikin manyan dalilai. Hukumar Lafiya ta Duniya tana son a kammala duk gwaji cikin kwana 60 daga ranar da mace ta fara zuwa asibiti.

Ke kuma baiwar Allah, ko ke ce marar lafiyar ko ƴar rakiya, ki yi wa likita tambaya uku ba tare da jin nauyi ba: an kai naman labo? Yaushe sakamako zai fito? Tana jin estrojen ko ba ta ji? Ki karɓi takardar ki yi mata fotokopi, ki ɗauki hotonta a waya, don duk asibitin da aka tura ki ita za a fara tambaya.