Dashen itatuwa a makarantu: Aikin da ya kamata ya wuce ranar biki

A kowace damina makarantu da dama a Arewa kan shirya bikin dashen itatuwa. Manyan baƙi su dasa, ɗalibai su yi tafi, a ɗauki hoto a watse. Sai dai galibi ana dashen ne a watan Yuli ko Agusta, daidai lokacin dogon hutu. Kafin a dawo awaki sun cinye wasu, musamman inda babu katanga, sauran kuma rani ya ƙarasa su.

Wannan babbar asara ce ga jihohi 11 na bakin hamada, daga Kebbi zuwa Borno, waɗanda shirin Babbar Ganuwar Itatuwa ya shafa. Tarayyar Afirka ta amince da shirin a 2007, Najeriya kuma ta kafa masa hukuma a 2015, amma samun masu rainon abin da aka dasa na nan a matsayin ƙalubale.

Akwai abin koyi a maƙwabta. Tun shekarun 1980 manoman Maraɗi a Jamhuriyar Nijar suka rungumi sassabin zamani: maimakon ƙone kututture, sai su bar toho mafi ƙarfi, su sare sauran, su kare shi daga dabbobi. Masu bincike sun ƙiyasta cewa dabarar ta farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a kudancin ƙasar, galibi da itatuwa irin su gawo, wanda ganyensa ke zama taki a gonar gero.

Ɗalibin ƙaramar sakandare zai iya koyon wannan da hannunsa. Shekara uku yake yi a wannan mataki, lokacin da ya isa ya ga tohon da ya raina ya zama itace. Idan aka ware wa kowane aji fili, ɗalibai su yi shingen ƙaya, su auna tsayi kowane zango, su ƙirga waɗanda suka rayu, darussan noma, kimiyya da lissafi sun haɗu ke nan ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba.

Cikas ɗin shi ne ruwa da tsaro lokacin hutu, kuma nan ne aikin ƙungiyar iyaye da malamai da masu unguwanni yake. Ma'aikatun ilimi kuwa ya dace su daina auna nasara da yawan itatuwan da aka dasa, su riƙa tambayar nawa ne suke raye ranar da ajin ya kammala.