Na'ura tana Yamai, mai ciwon daji yana ƙauye

A cikin shekara ta 2021 ne aka buɗe sashen gashi na Cibiyar Ƙasa ta Yaƙi da Ciwon Daji a birnin Yamai, tare da taimakon Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya. Kafin wannan shekara, duk ɗan Nijar da lokotoro ya ce ma ciwonsa sai an gasa, to ba shi da makawa sai ya ƙetare iyaka, in yana da hali ko kuwa hukuma ta ɗauki nauyinsa. Wanda ba ya da ko ɗaya daga cikin biyun nan sai ya koma gida ya kwanta. Abin mamaki ne a ce ƙasar da aka fara haƙo uraniyum cikinta a Arlit tun 1971 ta yi shekara 50 tana haskaka biranen waɗansu kafin ta mallaki na'ura guda mai warkarwa da irin wannan ƙarfi. Amma dai an samu, kuma waɗanda suka tsaya tsayin daka har aka samu sun cancanci yabo.

To, sai dai na'ura ba ta tafiya. Daga Tawa zuwa Yamai ya fi kilomita 500, daga Maraɗi ya fi 600, daga Damagaram kusan 900, daga Diffa kuwa ya wuce 1,300. Gashi ba aikin yini ɗaya ba ne: macen da ke da ciwon daji na bakin mahaifa ana gasa ta kwana 5 a kowane mako, har mako 5 ko 6. Maganin nan mai ƙarfi da ake sawa cikin ƙarin ruwa, wanda ma'aikata ke kira shimiyo, galibi bayan kowane mako 3 ake maimaita shi, sau da dama. Mai ciwo ba ya zuwa shi kaɗai, sai da mai jinya. Watau mutum biyu ke nan suka bar gida da gona, suna biyan kuɗin mota, suna neman wurin kwana da abinci a garin da ba su san kowa ba. Duk da haka, in aka ƙidaya kwanakin shekara, waɗanda majinyaci ke yi a gaban manyan lokotoro kaɗan ne ƙwarai. Sauran duka a ɗakinsa yake yin su, bisa tabarma, a hannun matarsa ko ɗiyarsa. Ma'aikacin kiyon lafiya mafi kusa da shi a waɗannan kwanaki shi ne malamin jinya na ƙaramin gidan likita na karkara, kuma shi ne aka fi mantawa da shi in ana zancen ciwon daji.

Shi ne kuwa ke fara ganin ciwon. Rajistar masu ciwon daji da aka kafa a Yamai a 1992 ta daɗe tana nuna cewa na nono da na mahaifa su ne suka fi damun mata, na hanta kuma yana cikin waɗanda suka fi kashe maza. Akasarin masu ciwon suna isowa bayan abin ya yi nisa. Dalilin da aka fi ji a bakin jama'a shi ne wai daji ba ya son ƙarfe, in allura ko wuƙa ta taɓa shi sai ya fusata. Wannan magana tana da abin da ke ciyar da ita: mace ta ɓoye ƙullutu a nononta shekara guda ko biyu, sai ya fashe ya bazu cikin jiki a kai ta likita, a yi mata aiki, bayan ƴan watanni ta rasu, ƙauye duka ya ce wuƙa ce ta kashe ta. Wadda ta gani sai ta ƙara ɓoye nata. Abin da ba a tambaya shi ne, askar wanzami da ƙarfen sakiya da aka fara kai ta gare su, su ba ƙarfe ba ne? Babu mai iya kwance wannan ƙulli sai wanda mutanen gari suka sani, suka yarda da shi, yake magana da harshensu. In malamin jinya ya taɓa ƙullutu mai tauri marar zafi ya rubuta maganin ƙurji ya sallami mai shi, an yi hasarar watanni. In ya san abin da ya taɓa, ya aika da ita gaba a makon nan, wataƙila an ceci rai. Haka nan gwajin bakin mahaifa da ruwan binegar: ungozomar da aka koya ma tana iya yin shi cikin ƴan mintoci, ta gane wurin da ya fara canzawa tun bai zama daji ba.

Bayan majinyaci ya dawo daga Yamai, aikin jinya yana da sani irin nasa, wanda ba a samun shi da tausayi kawai. Shimiyo yana rage dakarun jini masu kare jiki, musamman daga kwana 7 zuwa 14 bayan an sa shi. Zazzaɓi a wannan tsakani ba na a ba da maganin masassara a ce a dawo jibi ba ne. Yana iya kisa cikin yini guda, sai an gaggauta. Baki yana yin gyambo har mutum ya kasa haɗiye fura, alhali kurkure shi a kai a kai da ruwan ɗumi da ɗan gishiri yana sauƙaƙa abin. Fatar da aka gasa ba a goge ta da soso, ba a shafa mata abin da aka ga dama. Wanda ya kwanta ya kasa juyawa, a riƙa juya shi bayan kowace awa 2, in ba haka ba bayansa da kwankwasonsa su rube. Sannan ga gyambon nono da ya fashe yana wari, wanda shi ke sa a ware mace a ɗakin baya, jikokinta su daina shiga, ita kanta ta daina son a gan ta. Ƙwayar Flagyl da ke akwai a kusan kowane gidan magani, in aka niƙa ta aka barbaɗa bisa gyambon bayan an wanke shi, tana kashe warin cikin ƴan kwanaki. Ba ta warkar da daji, amma tana maido da mace cikin iyalinta. Ana samun wannan da ƴan daloli. Abin da ya yi ƙaranci shi ne wanda ya san a yi.

Babbar magana dai ita ce zafi. Mai ciwon daji da ya kai ga ƙashi ko hanta yana jin raɗaɗin da ke hana barci, ya hana cin abinci, har ya hana mutum natsuwa ya yi wasiyya. Maganinsa sananne ne, kuma ba ya da tsada. Morfin yana cikin jerin magungunan dole na Hukumar Lafiya ta Duniya tun 1977, a 1986 kuma hukumar ta shimfiɗa tsarin hawa uku: a fara da magani mai sauƙi, in bai isa ba a hau na tsakiya, in bai isa ba a ba da morfin, ta baki, bayan kowace awa 4, ba sai majinyaci ya yi kururuwa ba. A 2014 babban taron hukumar ya amince cewa sauƙaƙa ma majinyaci wahala haƙƙi ne bisa kowace ƙasa. Amma a karkarar Nijar, kamar a yawancin ƙasashen Afirka, samun morfin wuya gare shi.

Ƙasar Yuganda ta nuna hanya, ita ma kuwa ba mai arziki ba ce. A 1993 wata lokotoro mai suna Anne Merriman ta kafa gidan kula da masu ciwon ajali a Kampala, ta riƙa dama garin morfin da ruwa ana zubawa cikin kwalabe, majinyaci ya tafi da shi gida yana sha da awo. Da aka ga lokotoro ba su isa ba, a 2004 gwamnatin ƙasar ta ba ma'aikatan jinya da suka yi horo na musamman izinin rubuta shi da kansu. Wannan shi ne matakin da ya kamata ma'aikatar kiyon lafiya ta Nijar ta auna da idon basira. A ƙasar da lokotoro guda ke riƙe da dubban mutane, ajiye maganin zafi a hannun lokotoro kaɗai daidai yake da hana shi.

Akwai masu cewa ƙasar da ke fama da tiramol a tashoshin mota da bakin kasuwa ba ta kamata ta ƙara buɗe wata ƙofa ba. Tsoronsu ba na banza ba ne. Kowa ya ga abin da ƙwayar nan ta yi ma samari. Amma tiramol ɗin tasha ba daga ɗakin magani na gwamnati yake fitowa ba, ta ɓarauniyar hanya yake shigowa. Morfin na ruwa, mai rauni, da ake aunawa a rubuta cikin littafi, da sunan majinyaci da sa hannun wanda ya bayar, a maido da ragowar kwalba in Allah ya yi ma mai ita rasuwa, wani abu ne daban. In aka hana shi, ɗan tasha ba ya rasa komi. Tsohuwar da ke kwance a Madawa ko Matamaye ita ke biya. Sau da yawa ma, don rashin sa ne ɗanta ke zuwa tashar ya sayo mata ƙwayar da ba a san abin da ke cikinta ba.

Game da kuɗi, tun 2007 gwamnati ta yi dokar kula da ciwon daji na mata kyauta, bayan ta fiɗar haihuwa da ta yara ƴan ƙasa da shekara 5. Niyya ce mai kyau. Amma tsarin kyauta ya sha fama da jinkirin biyan gidajen likita kuɗin da suka kashe, kuma in ɗakin magani ya zama wayam, kyauta sai ta koma takardar da ake miƙa ma miji ya je ya sayo a waje da jikkuna masu yawa. Dokar kuma ba ta biyan kuɗin mota, ba ta ba da masauki. Gida guda kusa da cibiyar, mai tabarmi da ruwa da murhu, zai hana mutane da yawa katse gashi a mako na uku don guzuri ya ƙare. Wannan aiki ne da attajiran Maraɗi da Damagaram ke iya yi ba tare da sun jira kasafin gwamnati ba.

Makarantun koyon aikin kiyon lafiya na Yamai da Damagaram su ne mafarin gyara. Kada ɗalibi ya fito bai taɓa koyon laluben nono ba, bai san awon morfin da maganin taurin ciki da ke bin sa ba, bai san yadda ake zama a faɗa ma iyali gaskiya ba tare da an yanke masu ƙauna ba. Waɗanda ke bakin aiki kuma a riƙa kiran su horo gunduma gunduma. Duk majinyacin da aka sallama daga Yamai ya koma da takarda zuwa ga malamin jinyar garinsu, a rubuce da maganin da aka sa masa, da ranar da aka sa, da ranar komawa, da lambar wayar da za a kira a cibiyar in zazzaɓi ya taso cikin dare.