Kaya na babur ne, ba na gadon baya ba



'Yan uwa masu gida, yau ba maganar saiwa ko sassaƙe zan yi ba. A kan jakar goyon nan ce da ake saɓawa a hau babur. Ra'ayina ɗaya ne: a sauke ta, a ɗaure ta a kariya.

Kwanakin baya aka kawo mini wani matashi a kan tabarma, wai in ba da abin shafawa. Ba gudu yake yi ba, yashi ne ya kwashe tayar. Amma ya faɗi rigingine a kan jakarsa, a ciki akwai kwamfuta da filas ɗin shayi. Na ce su wuce Asibitin Ƙashi na Dala yanzu-yanzu, wannan ba aikina ba ne.

Ka duba yadda abin yake. Gadon bayanka ƙananan ƙasusuwa ne a jere, bakwai daga ciki a wuya, laka ta ratsa tsakiyarsu. Karayar hannu tana ɗoruwa. Laka in ta tsinke ba ta ɗoruwa, sai shanyewar ƙafafu. In ka faɗi da baya, duk abu mai tauri da ke jaka, kwalba ce, sifana ce ko kwaɗo, shi zai karɓi nauyinka duka a wuri ɗaya. In jakar ta yi tudu kuma, sai ta tokare baya, kai ya wuce ya lanƙwashe wuya.

Tun kafin faɗuwa ma tana ɓarna. Ka taka birki, ta turo ka gaba. Ka sha kwana, ta rinjaye ka gefe. Igiyar da ke reto tana iya shiga taya ko ta saƙale madubin mota. Mai ƙwace in ya fizgi jaka, da kai zai fizgo.

Abin da ya fi tayar mini da hankali yara ne. Kullum da safe sai ka ga uba ya jera uku, na ƙarshe yana bakin kariya, jaka cike da littattafai tana jansa baya. Rami ɗaya ya isa. Don Allah a karɓi jakunkunan a ɗaure, yaro ya hau da jikinsa kawai.

Wani zai ce, "Malam, ai a bayana ta fi tsira daga ɓarawo da ruwan sama." Gaskiya ne, amma ana sayen wata kwamfutar, ba a sayen wani bayan. Roba da leda ba su kai kuɗin allura ɗaya ba. In kuma dole ce, to ta zama marar nauyi, kaya masu laushi kawai, a tsuke igiyoyin ta manne da jiki. Hular kwano kuwa ba a barinta.

In tsautsayi ya faru, kada a ciccibi mutum ko a ja shi ta jaka, kada a murɗa masa wuya, kada a fara kai shi wajen mai ɗori. A kira jami'an kiyaye haɗurra a 122.

Tsautsayi ba ya wuce ranarsa, haka ne. Amma sai an ɗaure raƙumi ake tawakkali.

A tura wa duk mai babur a gida. Allah ya tsare mu da iyalanmu, amin.