Da Hannunmu Muke Korar Gizo Daga Aji

Kullum a ɗakin malamai muna kukan cewa yawancin marubutan littattafan soyayya ba su iya gina labari ba. To, wa ya koya musu? Ashe ba ta hannunmu suka biyo ba?

Darasin insha'i a firamare ya koma kwafi tsagwaronsa. Malami ya rubuta "Makarantarmu" a allo, yara su kwafe, mu bi su da jan biro muna farautar kuskure. Yaron da ya yi ƙarfin hali ya kawo labarin yadda akuyarsu ta ɓace ranar kasuwa, har ya sa mai da shi a tsakiyar tashin hankali, sai mu ce ya kauce wa tambaya. Shi ne fa marubucin ajin, muka sallame shi da sifili.

A gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933, Abubakar Imam mai Ruwan Bagaja da Abubakar Tafawa Ɓalewa mai Shaihu Umar duk malaman makaranta ne irinmu.

Muna kira ga reshe ya nemi a ware darasi guda na tatsuniya kowane mako. Yaro ya miƙe ya ba da ita da baki, mu tambaye shi abin da Gizo yake nema da abin da ya tsare masa hanya, sannan ya zauna ya rubuta tasa. Jan biro ya jira sai an kai ƙarshen labari.