Marubuci, Ɗaga Kai Ka Dubi Sama

'Yan uwa, masu cewa siffanta yanayi ɓata takarda ne sun yi kuskure. A 1821 da 1822, mai zanen Ingila John Constable ya duƙufa zana gajimare a Hampstead, yana rubuta kwanan wata, lokaci da mahurar iska a bayan takarda. Takwaransa Turner, a zanen jirgin ƙasa na 1844, ya bar hazo da tururi suka kusa haɗiye jirgin, har mai kallo ya ji gudunsa. A wurinsu haske ke ba da labari. Mu kuwa kullum "gari ya waye", kamar hasken hunturu da na damina ɗaya ne. Wannan lalaci ne. Kafin babi na gaba, fita ka dubi sama.