Yaro Yana Onne, Gona Tana Bakura

'Yan'uwa, wanda ya tashi a Talata Mafara ko Bakura ko Maradun, babban ruwan da ya sani shi ne na madatsar Bakolori da aka kammala a 1978. Duk da haka samarinmu da 'yan matanmu suna shiga aikin sojan ruwa, gama rundunar ta ƙasa ce, kowace jiha tana da rabonta in za a ɗauki kurata. Wanda aka ɗauka, Onne ake kai shi, can Jihar Ribas kusa da Fatakwal, inda makarantar horar da sababbin sojan ruwa take. Tafiya ce ta fiye da kilomita 1,000, horon kuwa kamar wata 6 ne.

Ranar da sunan yaro ya fito, gida ba masaka tsinke, kowa ya zo barka. Bayan mako biyu sai ƙafa ta ɗauke. A ganina nan ne muke gazawa, domin lokacin ne wahalar gidan take farawa.

Abu na fari shi ne shirun. Kurtu ba shi da ikon kansa. Da asuba ake tā da shi, daga gudu sai fareti, daga fareti sai aji, waya kuma ba ta zama a hannunsa yadda ya saba. Uwar da ta ga abin da ya faru a watan Satumba na 2021, sa'ad da aka katse layukan waya a Zamfara duka saboda 'yan bindiga, ta riga ta ɗauka cewa in waya ta yi shiru, to ba lafiya. Wa zai ga laifinta? Amma shirun Onne daban ne, cikin horon yake. Akwai tsofaffin soja a ikilisiyoyinmu da unguwanninmu. Ɗaya daga cikinsu ya je ya zauna da ita rabin sa'a, ya bayyana mata yadda ranar kurtu take tun daga safe har dare. Wannan ya fi "a yi haƙuri" sau ɗari.

Cikin shirun nan ne macuta suke cin kasuwarsu. Sai wani ya bugo wa uba waya, ya ce shi hafsa ne, wai yaro ba shi da lafiya, ko za a kore shi in ba a aiko da kuɗi yau ba. Rundunar ta sha sanarwa cewa ɗaukar kurata kyauta ne. Kada a sayar da akuya ranar Talata a kasuwar Mafara saboda muryar da ba a sani ba. A nemi wanda ya san aikin soja ya bincika tukuna.

Sai batun gona, wanda ba a cika ambatonsa ba. Sharaɗin shiga shi ne kada mutum ya kasance da aure ko 'ya'ya, saboda haka wanda ya tafi yawanci shi ne saurayin gidan, mai riƙe da fartanya, mai kai ƙannensa makaranta a kan babur. In horon ya faɗo cikin damina, gero da dawa ba za su jira shi ba. In kuwa rani ne, shinkafar Bakolori tana son hannu kullum. Ina gayyar da iyayenmu suka sani? Matasa goma, safiyar Asabar ɗaya, sun gama noman da tsoho zai yi mako yana fama da shi. Zumuntar Mata ma ta sa gidan cikin ziyararta, maƙwabta Musulmi kuwa in an gaya musu ba za su ƙi fitowa ba, tun da can tare muke gayya.

Ga iyaye kuma ina da magana, ko da ba za ta yi daɗi ba. Ran da yaro ya sami minti biyar ya kira gida, kada a jibge masa bashin taki da rigimar gādo da jerin masu jiran albashinsa. Ba abin da zai iya yi daga can, sai dai ya kwana da damuwa ya tashi da ita filin fareti. A gaya masa an yi ruwa, ƙanwarsa ta ci jarrabawa, Baba yana gaishe shi.

A kuma kama baki. Mun san yankinmu, mun san 'yan bindiga suna da masu kai musu labari. Hoton yaro cikin kaki ba na Facebook ba ne, ba kuma sai an faɗi sunan ƙauye da na gida a gaban taro ba in ana roƙo dominsa.

Ranar yaye kurata, kowace uwa tana so ta ga ɗanta da idonta. Kuɗin mota daga Mafara zuwa Gusau, zuwa Kaduna da Abuja har Fatakwal, da dawowa, ba abin da gida ɗaya zai tara cikin mako guda ba ne. A fara ajiye shi tun watan farko, a kuma nemi wanda ya san hanyar Kudu ya raka ta.