KYAUTA DABAM, RANCE DABAM

Jama'a, yau zancenmu da masu ƙaramar sana'a ne, tela da maƙeri da mai tireda da mai sayar da ƙosai. Duk ran da Gwamnati ta ce za ta taimake ku da kuɗi, kafin a yi guɗa sai a tambaya: kyauta ce ko rance?

Ba don neman fitina muke wannan tambaya ba. A shekarar 2018, ana dab da zaɓen 2019, aka bi kasuwanni ana rabon naira 10,000 da sunan TraderMoni. Rance ne, na wata shida. A 2020, lokacin annobar korona, Babban Bankin Nijeriya ya ware naira biliyan 50, aka raba ta hannun bankin NIRSAL, shi ma rance ne, har da ruwa. Amma a cikin shekarar nan ɗin dai aka yi Survival Fund, inda mai sana'ar hannu ya sami naira 30,000 kyauta, ba biya. To, ina talaka zai rarrabe, tun da duka sunansu ɗaya a bakin mutane, watau "kuɗin korona"? Da yawa suka ci a kan rabonsu ne, alhali tun watan Agusta na 2020 akwai ƙa'idar da ta ba bankuna ikon cire bashi daga kowane asusu da ke ɗauke da lambar BVN ta mai bashin. Ramin bashi kuwa ba ya cika da mantuwa.

Saboda haka muna ba 'yan'uwanmu shawara uku, ko a littafi kuke rubuta lissafi, ko a manhajar waya da kwamfuta.

Na farko, kada a zuba kuɗin taimako cikin ciniki. A ce tela yana ɗinkin naira 80,000 a wata, ya haɗa da kyautar 30,000, sai littafi ya nuna masa 110,000. Ya ga kamar kasuwa ta buɗe, ya kama shago mai tsada, wata na gaba ido ya raina fata. A buɗe wa kyauta gidanta dabam, a ƙarƙashin sauran kuɗin shiga.

Na biyu, in rance ne, a rubuta shi a gidan bashi, da ranar karɓa da ranar biya da yawan ruwa. Kuɗin da za ka mayar ba riba ba ne, ko da Gwamna ne ya miƙa maka da hannunsa.

Na uku, in an gindaya sharaɗi, kamar biyan albashin yara ko sayen keken ɗinki, a rubuta abin da aka kashe, a adana rasit da saƙon banki, gama ranar bincike baki ba ya shaida.

Ita kuwa Gwamnati, abin da muke nema gare ta ba shi da wuya. Duk wanda aka ba ko kwabo, a haɗa masa da takarda cikin harshen da yake ji, ta faɗa a fili ko kyauta ce ko rance, da ranar biya. A kuma buga sunayen waɗanda suka samu, gunduma gunduma, gama dukiyar ta jama'a ce. Wanda ya tilasta wa talaka riƙon lissafi, shi ya kamata ya fara buɗe nasa littafin.

Allah Ya ba mu ikon gyarawa.